Ƙafa Ɗaya a Ƙasa

Lahadi, 3 ga Mayu, 1987, Parkchester

Gobe zan tsaya gaban shugabar nas-nas, wai ranar Alhamis na yi gudu a barandar asibiti ɗauke da kwalaben jini. Gargaɗi na uku ke nan, na uku kuwa kora ce. Shekara shida ina yi musu bauta, ga ladan.

Da na dawo daga coci, Isuhu maƙwabcina ɗan Nijar ya ja ni lambun shaƙatawa na Central Park kallon gasar tafiyar sauri ta ƙasashen duniya. Sai dariya yake: "Bulus, dubi ƙatti na kaɗa ƙugu kamar kunama ta shiga wando!" Ni ban yi dariya ba. Wani dattijo a gefena ya ce dokarsu ita ce, muddin ƙafa ɗaya na ƙasa, ba gudu ba ne. A idona alƙalai suka fitar da wani da ya ɗaga biyun.

Na gwada a falo har maƙwabcina na hawan ƙasa ya buga silinsa. Gargaɗi biyun farko gaskiyarta ce, na yi gudu, zan amsa. Amma ranar Alhamis sauri kawai na yi. In ta musa, ta fito baranda ta tsuguna ta duba ƙafata da kanta.