Sarkin Mosawa Yana Jiran Bakina

Assalamu alaikum, mai shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ni tafinta ne a Tamale. Tun da Turawa suka miƙa mulki, wani tsohon lauya kan kawo ɗalibansa daga kudu su koyi tsaya wa leburori a kotu. Shi ya koya musu doka, ni in koya musu shiga gidan mutane. Bana aka haɗa ni da wani, bari in kira shi Kwaku. Ina jin sunan ubansa na gane shi. Uban nasa shi ne ɗan kwangilar nan da ya sharara wa mahaifina mari a bakin aikin titi don ya tsaya sallar azahar, ya kuma kore shi. Baba bai ƙara sakin fuska ba har ya rasu. Wai yanzu ni zan riƙe hannun ɗan mutumin nan ya zama babban mutum?

Ƙarar da aka ba Kwaku ta Noaga ce, wani Bamoshe da ya tsallako iyaka neman aiki. Bango ya rufto masa ya karya masa ƙugu, kamfani ya ce wai a buge yake. Abokan aikinsa Mosawa sun ga komai, amma ba mai buɗe baki sai sarkinsu ya yarda. Kowa a unguwar Sabonjida ya san in za ka gaban sarkin sai ka kai goro, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Kwaku ya tambaye ni, "Malam, da abin da ya kamata in sani?" Na ce, "Babu, Yallaɓai, shiga kawai, ai kai mai ilimi ne." Ya faɗa zauren sarkin da takalmi, ya miƙa wa dattijo hannu a tsaye, ya hau tambayoyi. Kai! Nan take shaidu suka zame ɗaya bayan ɗaya. Wallahi daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba.

Litinin za a zauna shari'a. Jiya Sarkin Mosawa ya aika a kira ni, na tarar da Noaga kwance a tabarma gefensa. Sarki ya ce, "Ɗana, mu baƙi ne, in muka yi magana aka kore mu, wa muke da shi? Kai ka san yaron nan. In ka ce mu amince masa, zan tura mutanena."

Na ce zan yi tunani. Tir da ni! In na ce e, Kwaku ya yi nasara, ubansa ya yanka rago a sha kiɗa. In na ja bakina, ya koma kudu da kunya, abin da nake roƙon Allah ke nan, amma Noaga a kwashe shi a bayan mota zuwa ƙauyensu hannu wofi, mutumin da ba zai ƙara ɗaukar ko fartanya ba. Zan fita ke nan Noaga ya kamo bakin rigata, ya ce, "Yaya, ka gaya musu ni ban taɓa shan giya ba."

Jama'a, har yanzu so nake in ga yaron nan ya faɗi ƙasa warwas. To me zan yi?