Ruwan Rijiyarmu a Cikin Kwalba

Laraba da dare, Tanut

Yau ma na'urar awon gubar dalma a ruwa da muke ƙerawa ta ƙi tsayawa kan magana ɗaya. Da hannuna na zuba dalma cikin ruwa mai tsabta, na san yawanta, amma na auna ta nuna ƙasa da haka, na sake aunawa ta wuce. Shugaban ɗakin bincikenmu ya ce muddin ba ta faɗi gaskiya kan ruwan da muka sani ba, ba za mu yarda da ita kan ruwan da mutane ke sha ba. Gaskiyarsa ce, amma ta yi mini nauyi.

Kwalbar ruwan rijiyarmu ta Gangara tana cikin firij tana jiran layi. Ɗazu na buɗe ina kallonta kamar na ga ɗan gida. Ruwan nan na sha na girma, da shi Inna ke dama mana fura.

Bayan magariba Inna ta kira ni. Ta ce, "Hadiza, ɗan yayarki har yanzu cikinsa na ciwo. Mu ci gaba da shan ruwan rijiyar, ko mu bari?"

Na ce, "Inna, ban sani ba tukuna. Ku riƙa ɗebo na famfon makaranta."

Sai ta ce, "To, ke yaushe za ki zo?"

Na so in ce gobe. Ina son in kwanta kan tabarmarta in ji tana faɗa da awaki. Amma ba zan iya shiga gidan nan ba amsa ba.