Kaset ɗin ƙanwata yana cikin ruwan Ngueli

Assalamu alaikum, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni kafin ku kai ƙarshe. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Ni da ƙanwata Hajara mun taɓa yin waƙa a nan N'Djamena, waƙar rawa irin ta zamani da ake sa wa kiɗan piyano. Shekara biyu kawai muka yi. Daga unguwar Kabalaye har Abena babu bikin da ba a kiranmu, kaya iri ɗaya, taku iri ɗaya, rabin waƙar Hausa rabi Larabci. Wani mai sitidiyo ya ɗauke mu waƙa shida a kaset guda ɗaya tak, ya ce a kai Kousseri, garin da ke tsallaken gadar Ngueli, a buga da yawa, can ya fi sauƙi. Ni ce babba, ni aka ba.

Da safe kafin in fita na saka shi a rediyon Innarmu. Wallahi na juya gaba na juya baya, ban ji kaina ba. Mutumin ya danne muryata, sai ta Hajara ke tashi, ni tafi kawai ake ji. Ashe duk wahalar nan 'yar rakiya ce ni? Ina tsakiyar gadar Ngueli, masu babur suna ture ni, na zaro shi daga jaka na sake shi cikin ruwa. Ko ƙara bai yi ba.

Na dawo ina kuka na ce ɓarawo a kan babur ya fizge. Hajara ta share mini hawaye da bakin mayafinta, tana dariya: "Haba Yaya, kalas, ya wuce! Ɓarawo ya sace kaset, ya sace maƙogwarona ne? Mu sake wani." Ba mu sake ba. Mai sitidiyon ya tattara kayansa ya bar gari, da damina zazzaɓi ya kama ta, kwana huɗu ta rasu. Babu muryarta a ko'ina a duniya, kuma hannuna ne ya yi.

Shekara shida ke nan. Na yi aure, na haifi mace, Inna ta roƙa aka sa mata Hajara. Yanzu yarinyar tana shekara uku, idan tana wasa da murfin tukunya sai in ji tana gunguni da amshin waƙarmu ta biyu, har da ɗan tsayawar da marigayiya ke yi kafin ta ja numfashi. Wa ya koya mata? Mijina ya ce ni ce nake yi ina wanki ban sani ba. To ni ban taɓa iya tsayawar nan ba.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Ta yarda ɓarawon ya sayar da kaset ɗin. Duk mai teburin kaset a kasuwa ya san ta, tana sa su saka mata waɗanda ba su da rubutu, ta kara kunne, ta ce ba shi ba ne. Shekaranjiya ta kama hannuna ta ce, "Ke, fuskarta ina gani, amma muryar ta fara ɓace mini. Ƙafata ta ƙi, ranar Asabar ki raka ni Kousseri, can ne kawai ban duba ba."

Na ce to. Ta gadar nan za mu bi, a hankali, tana dafe da kafaɗata. In na faɗa mata, na raba ta da abin da ke fitar da ita daga ɗaki, ƙila ta rasa 'ya ta biyu. In na yi shiru, zan wuce da ita ta daidai wurin, in tsaya ina kallo tana kara kunne a teburin mutane.

Asabar jibi ce. Don girman Allah, me zan yi?