Baba Ya Ba Da Irin Albasa

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa. Ya Ikko, ya aiki, ya iyali? Mu nan Boɗinga lafiya, sai dai Baba.

Ya koma yin Luganda, yaren abokinsa na yaƙin Bama. Shekaranjiya a fadama ya dafa ƙirji ya ce, "Omutima gunnuma." Na tambayi ma'ana, ya ce, "Zuciya ke ciwo, Umaru, ba irin na asibiti ba." Rabonsa da wagga magana tun makon da Inna ta rasu.

Jiya ya kwashe irin albasarsa kaf ya kai wa Kawu Shagari. Baba da ko aron iri bai bayarwa.

Ka sa mu addu'a, ka gai da yara. In za ka zo, kada ka jira sallah.

Ƙaninka,
Umaru