Akuyar Kirsimeti da na yanka da hannuna

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Admin a ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya san ƙauyenmu ta wajen Baure zai gane wawan da ke magana. Don Allah ku ba ni shawara, na yi wautar da ko jikana ba zai yi ba, ga furfura har a gira. Ku yi haƙuri da rubutun, aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bakin taga.

Mu Kirista ba mu da yawa a garin, kuma tun zamanin babana in Kirsimeti ta zo Musulmi muke kira ya yanka mana dabba, don maƙwabta su iya cin abincinmu. Ni mai yanka mini Malam Sale ne, katangarmu ɗaya, tare muka yi kiwo muna yara. Ɓarawon goro yake kirana, don ba ya zama kusa da ni goronsa ya kwana a aljihu. Da Babbar Sallah cinya guda yake aiko mini.

Ana saura kwanaki Kirsimetin bara, ɗana da ya yi makarantar tauhidi ya yi wa'azi a cocinmu. Ni kuwa gyangyaɗi nake, na farka daidai inda yake cewa alheri ya 'yantar da mu, ba yanka ko abinci ne ke kai mutum wurin Allah ba. Na ce ashe haka ne, na koma barcina. Ranar Kirsimeti da safe na ɗauko wuƙar da matata ke yanka kuɓewa, na kayar da akuya, na yi ta fama da ita kamar mai yankan katako. Ina cikin fiɗa Malam Sale ya yi sallama, wuƙarsa naɗe a tsumma, ya wasa ta tun jiya. Na ce masa cikin raha bana an sallame shi daga aiki, mun samu 'yanci. Ya dubi akuyar, ya yi mini barka da Kirsimeti, ya juya.

Matata ta ƙi aika kwano ko ɗaya, ta ce ba za ta kai wa mutane abin da za su zubar a ɓoye ba. Muka ci nama har ya gundure mu, sauran ta soya, ya yi ta zama a tukunya. Daga baya ɗana ya ce ai Baba sauran wa'azin cewa na yi 'yancin don mu yi wa maƙwabci hidima cikin ƙauna ne, sai dai ba wanda zai tilasta maka, ka bi yadda Ruhu ya bishe ka.

To nan ne matsalar. Ban ji komai ba. Ina addu'a, ina zuwa sujada, amma zuciyata kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ba kunya, ba baƙin ciki, shiru kawai. Malam Sale bai yi faɗa ba, yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo, Ɓarawon goro ya mutu a bakinsa. Da Sallah cinyar ta zo kamar kullum, na ci ban ji gishirinta ba.

Yanzu autata za ta yi aure kafin Kirsimetin bana, na sayo sa a kasuwar Mai'adua, yana ɗaure a bayan gida. Wasu dattawan coci sun ce na nuna bangaskiya, in na sake kiran Malam na koma bauta. In kuma ban kira shi ba, rabin garin ba za su ci abincin bikin yarinyar da shi ya fara kai ta asibiti a bayan babur ba. Ina tsoron in je ya ce a'a da wannan ladabin nasa. Ni da Ruhu bai ce mini komai ba tukuna, in jira ne, ko in ɗauki goro in tafi haka nan da busasshiyar zuciya? Me zan yi?

Jiya ina ba wa san nan dusa matata ta tsaya a kaina, ta ce, "Maigida, wannan 'yancin naka da ka samo, shi ma mu biyu za mu cinye shi?"

Na ci gaba da zuba dusa.