Injin da Pak Ladin Ya Haɗa

Inna, ina gaisuwa. Ya ƙafar Baba? Ina nan garin Tawau lafiya, kada ki damu.

Laraba da safe maigida ya tura ni gwada injin da bakanike Pak Ladin ya sake haɗa wa kwalekwalenmu. Gudu kam ba a magana. Da na kashe shi, na kafa sukudireba a jikinsa na kara kunne, sai na ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki.

Pak Ladin ya ce, "Kai Sapri, kar ka amsa! Daga jirgin da ya kife da mutum uku na ciro shi."

Duk da haka na ce wa maigida injin ya yi, kuma gobe ni zan tuƙa. A sa ni a addu'a. Mak Jumriah mai sayar da kofi ma ta kara kunne a injin ta ji ana ƙwanƙwasawa.