Kwana Shida Baba Yana Zaune

Litinin, 16 ga Agusta 1954
Na iso Matankari da hantsi a kan dokin aro. Manjonmu, shugaban masu jinya na gidan likitan Dogon Dutsi, ya ba ni hutun kwana bakwai da kwalaben allura takwas, iyakar abin da zai iya. Ruwa ya doki Baba a gona ran Alhamis, ya ƙi sake riga. Yanzu ciwon haƙarƙarin dama, zazzaɓi, majina kalar tsatsa. Na tarar da shi kwance rigingine, ɗaki a rufe, ƙanwarsa Gwaggo Balki ta cika kasko da turaren iska. Ni kaina mai lafiya sai da na sarƙe. Na fitar da kaskon, na ɗage asabari, na kifa turmi na ɗora bargo, na zaunar da Baba na jingina shi. Numfashi arba'in a minti. Shekara biyar ina aikin jinya, yau ga ni ina yi wa ubana allura.

Talata, 17
Ruwa kurɓi kurɓi, kunu tsinkakke, bubbuga baya har majina ta taso. Abin da nake faɗa wa iyalan wasu ke nan kullum, da murya kamar ta kwamanda. Ashe faɗa ba wuya. Korama ta cika, amalanke ba za ta ƙetare ba, don haka maganar kai shi gari ta mutu.

Laraba, 18
Leɓɓansa sun yi duhu. Gwaggo ta share ƙasa, ta shimfiɗa sabuwar tabarma ta gabas. Na san me take nufi: a kwantar da shi a hannun dama, fuska ga alƙibla, yadda ake yi wa mai tafiya. Na ce idan ya kwanta ƙirjin zai cika, ba zai kai la'asar ba.
"To in ya cika zaune hwa, awa baƙon da ba a ba tabarma ba? Wa za ya ɗauki alhakin, kai ko Nasaran da sunka koya maka?"
Na bar shi zaune.

Alhamis, 19
Yana zamewa daga turmin. Na shiga bayansa na zauna, ƙirjina ya zama masa jingina. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ina yaro, yau ga ƙeyarsa a kafaɗata, zufarsa tana bi ta cikin rigata. Bai fi damin kara nauyi ba. Ina jin kowane numfashi yana gurzar wani abu a ciki. Duk sanda ya yi jinkirin ja, sai in kasa kunne har ya ja.
Maƙwabta suna leƙowa, su ce sannu, su kalli tabarmar, su kalle ni.

Juma'a, 20
Numfashi arba'in da huɗu. Allura ta ƙarshe.
Bayan azahar hankalinsa ya dawo. Ba Gwaggo ce ta faɗa ba, shi ne da bakinsa: "Kwantad da ni, ɗan nan. Na gaji."
Na ce, "Baba, yi haƙuri."
Ya sake faɗa. Na ƙara matse shi. Ƙarfinsa bai kai ya ture hannuna ba, na kuma san da haka, shi ne abin da ke cina. Na ja mu duka biyun a kan ƙasa har muka fuskanci gabas, ina karanta masa kalmar shahada a kunne, da ɗayan hannun ina tallafe da ƙoƙon ruwa. Gwaggo ta juya ta fita. Da ma zagina ta yi.
Tsoro nake ji, wallahi. Idan ya tafi haka, maganarsa ta ƙarshe roƙo ce, ni kuma na hana.

Asabar, 21
Ƙafafuna sun mutu, fitsari ya matse ni. Da rana ta ɗaga na mai da shi jikin turmi na zagaya bayan gida. Na daɗe can fiye da bukata, tsugune gindin aduwa.
Da na dawo sai na gan shi a kan tabarmar, hannun dama, fuska gabas. Na tsaya cak a bakin ƙofa. Gwaggo ta damƙe mini hannu.
"Kak ka yi kuka, sakarai. Shi yam mirgina da kainai. Saurara."
Minshari. Rigarsa sharkaf, goshi ya yi sanyi. Na ƙirga sau uku saboda ban yarda da kaina ba: ashirin da shida.
Kowa yana cewa taurin kaina ya yi rana. Na bar su suna faɗa. Wannan kuwa a nan kawai zan rubuta shi: can gindin aduwar na riga na gama shawara. Na dawo ne in kwantar da shi.